Kati Biyar a Ƙarƙashin Ƙyallaye

A kasuwar Jankara ta Legas na sayi katunan, ranar da na je sarin leshin wani anko. Wani tsoho ne ya baza tarkace a kan buhu, tsofaffin agogo da kofuna da wayoyin caji, sai ga ɗan kwali a gefe mai hoton wata mace a kan kujera, rigarta cike da zanen rumman. Ni tela ce, zanen rigar ne ya ja ni. Na ce ko ba komai na samu abin kwaikwayo na wuyan riga. Sai da na dawo Agege na bincika a waya na gane sunansu tarot, guda saba'in da takwas ne, kuma duba ake yi da su.

Na san hukuncin duba, a Islamiyyar layinmu na girma, ba sai wani ya tuna mini ba. Amma matan da nake kallo a waya sun ce wannan ba duba ba ne, hira ce mutum yake yi da zuciyarsa. Maganar ta yi mini daɗi, na riƙe ta hannu bibbiyu. Na koyi jeri mafi sauƙi, na kati uku. A cakuɗa, a raba, a ɗora uku a kife: na hagu jiya, na tsakiya yau, na dama gobe. A kan teburin keken ɗinki nake yi, da safe bayan na share shago, kafin masu kawo ɗinki su fara leƙowa.

Da wasa na fara. In karɓi ɗinkin matar nan mai yawan ƙorafi ko in ce mata ba ni da lokaci? In je bikin Ikorodu ko in aika da gudummawa? Kafin shekara ta zagayo, ni da nake yanka shadda ba tare da na sake duba awo ba, na koma ba na iya ɗaukar almakashi sai na ga abin da kati ya ce. Ranar da na makara ban jera ba, wuni nake yi kamar na fito da takalmi wari ɗaya. Abin yana ba ni haushi, kuma gobe in sake.

Wata safiya, a kan tambayar da ba ta taka kara ta karya ba, katin dama ya fito da ƙwarangwal a kan farin doki. Matan waya sun ce ba mutuwa yake nufi ba, sauyi ne. Na ce su gaya wa wata, ni 'yar mahauci ce, na san ƙashi idan na gan shi. Na zare shi daga cikin sauran, na tura shi ƙarƙashin ƙyallayen da ke durowar keke. Bayan sati biyu katin wani bene mai cin wuta ya bi shi. Sai mutumin da ke kwance da takubba goma a bayansa, sai zuciyar da takubba uku suka huda, sai matar da ta zauna a gado ta rufe fuska da hannu. Biyar cif. Akwai wata da aka ɗaure wa ido da hannuwa a tsakiyar takubba takwas, tana yawan fito mini a gurbin yau, amma ita na bar ta tunda babu jini a hotonta. Daga nan katunana suka zama masu ladabi, kullum sai rana da tauraruwa da mutane suna ɗaga kofuna.

Babana ya yi ƙuruciyarsa da girmansa a mahautar Oko-Oba. Bayan rasuwar mahaifiyata gwiwoyinsa suka gaza, ya tattara ya koma ƙauyensu can arewa, wurin ƙanwarsa da nake kira Gwaggo. Ni a Agege aka haife ni, sau biyu kacal na taɓa taka ƙauyen. Duk zuwan, in na buɗe baki sai a kwashe da dariya, wai ga 'yar Yarbawa ta zo. Na kira bas danfo sun yi dariya, na ce oga sun yi dariya. Zuwan na biyu kuma aurena bai daɗe da mutuwa ba, mata suka zagaye ni da tambaya, me ya faru, ina mijin, me nake jira. Na dawo na rantse a raina ba za a sake ganina ba sai da dalili mai ƙarfi.

Saura wata guda Babbar Sallah Gwaggo ta kira ni. Ta ce jikin Baba ya ƙi, abinci ma sai an lallaɓa. Ta miƙa masa wayar.

"Yaushe za ki zo?" ya ce. Muryar ta yi siriri, ba wadda na sani tana ratsa hayaniyar mahauta ba.

"Baba, ɗinkin Sallah ya yi mini yawa wallahi, kwastoma ko'ina. Da an yi Sallah zan taso."

"To. Allah ya kai mu."

Ya mayar wa Gwaggo wayar. Shi ba mutum ne mai roƙon ɗansa ba, ko a kan abin da ya fi wannan.

Akwai abokinsa direban babbar mota, da muke kira Kawu tun muna yara. Shanu da raguna yake saukowa da su, ya juya arewa, kuma hanyarsa ta bi ta bakin ƙauyenmu. Mutanen layinmu da shi suke aika saƙo gida, da shi ake kawo musu daddawa da kuka. A satin nan ya tsaya a ƙofar shagona, ko zama bai yi ba.

"Ɗiyata, na ga babanki. Jibi da safe zan juya. Kujerar gaba na bar miki, ki haɗa kayanki."

"Kawu, bari in ga yadda aiki zai yi."

Ya dubi tulin atamfofin da ke bayana, ya dube ni, ya ce zai tsaya a bakin titi ya yi ham sau biyu.

Washegari na share shago, na wanke hannu, na cakuɗa. Ban taɓa yi wa katunan tambaya mai nauyin wannan ba: Baba zai kai bayan Sallah? Na hagu ya fito da yara biyu da furanni, na tsakiya matar nan mai ɗaurin ido, na dama kuma rana ce ƙatuwa, da jariri a kan doki yana dariya. Na sauke ajiyar zuciya. Da Kawu ya yi ham ɗinsa sau biyu, na leƙa na ɗaga masa hannu na ce sai zuwa na gaba.

Ya dawo bayan kwana tara, ya sake cewa kujerar tana nan. Na sake jerawa, tauraruwa ta fito a gobe. Zuwansa na uku ko shagon bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, ɗinki ba ya ƙarewa." Na ce na sani, saura kwana kaɗan ne. A wannan karon iyali ne suka fito, suna tsaye ƙarƙashin bakan gizo.

Na so in ce mantawa na yi da katunan nan biyar, amma ƙarya ne. Duk sau ukun da na yi tambayar na san inda suke. Gwiwata tana gogar durowar duk lokacin da na taka keke. Na cire amsar da ba na so da hannuna, sannan na zauna ina tambaya da fuskar mai neman gaskiya. Ɗinkin ma da na so, da na raba wa telolin layinmu, sun sha roƙona aiki. Tsoron ƙauyen nake ji, da dariyarsu, da ganin Baba a kwance, shi da yake saɓa cinyar sa a kafaɗa ya wuce yana waƙa.

Ana jibi Sallah, wajen azahar, ina tsakiyar yanka wata shadda ruwan toka, Gwaggo ta kira. Ta ce sai haƙuri. Ta ce bayan la'asar za a kai shi. Daga Agege zuwa can tafiyar kwana da wuni ce. Na tsaya riƙe da almakashi, a waje ana cinikin rago, wani yana rantsuwa da Yarbanci cewa an yi masa tsada. Lokacin da ake sallatar babana ina zaune a ƙasan shagona a kan guntayen yadi.

Da Kawu na tafi gaisuwa, a kujerar gaban. Bayan mun wuce Ibadan ya ɗauko zancen kujerar. Ya ce duk tafiya ukun nan bai ɗauki kowa a wurin ba, har wani ɗan kasuwar tumatir na Mile 12 ya yi fushi da shi, domin shi Kawu yana tunanin ko zan canza shawara in tare shi a gaba. A ƙauye babu wanda ya yi dariyar Hausata, ko mutum ɗaya. Gwaggo ce kawai, muna tsince shinkafar sadaka, ta ce duk ranar da aka ji ƙarar motar Kawu a bakin hanya, Baba yakan ce mata ta je ta duba wa ya sauko. Sau uku ta je ta dawo. Ba da faɗa ta gaya mini ba, ta faɗa ta ci gaba da tsintarta.

Da na dawo Agege na ɗaga ƙyallayen, na mayar da biyar ɗin cikin 'yan uwansu, na ƙirga saba'in da takwas. Ban sake jera su ba, kuma na kasa zubarwa. Na san takarda ce da fenti, babu abin da suka sani game da Baba ko game da kowa. Duk da haka kullum da safe, idan na gama shara, sai in tsinci hannuna a kan durowar, da tambaya ɗaya da nake son yi musu: da na bar su cikakku, ƙwarangwal ɗin ya fito, da na tafi? Sai in janye hannun in zauna, wani lokaci har rana ta ɗaga ban zura zare a allura ba.

Kawu har yanzu yana bi ta titinmu idan zai juya arewa. Satin da ya wuce ya yi mini ham sau biyu kamar yadda ya saba, na fito na ɗaga masa hannu. Akwai mutum zaune a kujerar gaba, da jakarsa a kan cinya.