Shafin da Yaya Ba Ta Ƙarasa Ba

Yayata ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a laburaren wata cibiyar horar da malamai. Ɗakinta na can ƙarshen baranda, taga ɗaya, fanka mai ƙara, da kwamfutar da sai an lallaɓa ta take tashi. Aikinta shi ne tattara adireshin shafukan intanet masu koyar da sha'anin muhalli, ta jera su a rumbun bayanan cibiyar, yadda malamin firamare zai rubuta "shara" ko "ambaliya" a akwatin bincike, darussa su fito masa. Abokan aiki suna ce mata Uwar Jeri.

Sauri ne gwanintarta. Ta buɗe shafi, ta karanta kansa da layi biyu uku, ta san gidan da za ta sa shi: ruwa, iska, ƙasa, itatuwa. A yini takan shigar da hamsin.

Mijinta kuwa, wanda kowa ke kira Dogo, a wani fili bayan garejin motoci yake aiki. Tsofaffin batura suke fasawa, su narka dalmar da ke ciki a tukunyar ƙarfe, su zuba a kwano ta daskare. Mutum ne mai barkwanci. Idan na je gidan yakan ce, "Ƙanwata, zo ki ga ikon Allah. Yayarki ta san inda kowane datti na duniya yake, amma tun safe take neman makullinta."

Da yamma yakan dawo da rigar aiki ta yi fari da ƙura, ya rataye ta a bayan ƙofa. 'Yarsu ɗaya, Auta muke ce mata duk da ba ta da yayye, ita ke rugawa ta rungume ƙafarsa tun bai wanke hannu ba.

Ciwon Dogo ya fara da murɗar ciki. Aka ce gyambon ciki ne, ya sha magani. Daga baya kofin shayi ya riƙa suɓuce masa. Sannan mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba ya koma faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, ya kuma manta ya yi. Shekara biyu ana haka kafin wata likita ta tambaye shi sana'arsa, ta sa a auna jini. Ta ce dalma ce, kuma ta riga ta taɓa ƙoda.

Washegari Yaya ta je ofis ta rubuta "dalma" a akwatin binciken da ita ta cika da hannunta. Shafi ɗaya ya fito. Darasi ne na 'yan aji biyar, da zanen mutum yana fasa batir. A ƙasa ga ranar da aka shigar da shi, shekara huɗu baya, ga kuma sunanta. Ta karanta har ƙarshe. Ciwon ciki, sanyin hannu, saurin fushi, duk suna nan a sakin layi na shida. Na bakwai ya ce kada a shiga gida da kayan aiki, saboda yara.

Ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa. "Zo ki raka ni mu kai Auta asibiti."

A hanya na ce, "Yaya, shafi dubu nawa kika shigar? Wa zai karance su duka?"

Ta ce, "Ƙarƙashin 'iska' na sa shi. Na ga hayaƙi a hoton, na wuce."

An sami dalma a jinin Auta, amma aka tare ta da magani. Dogo bai kai ƙarshen shekarar ba. Kafin ya rasu, Yaya ta gaya masa zancen shafin a gadon asibiti, tana kuka. Ya ce, "Ko kin karanta min, da me za mu ci? Bar wannan magana." Ba ta bari ba.

Da ta koma aiki, sai ta daina sauri. Kowane shafi sai ta kai ƙarshensa, ta rubuta layi uku a ƙasa da Hausar da kowa zai gane: wa abin ya shafa, me zai gani a jikinsa, me zai yi. Hamsin ta koma shida. Ta ƙara kalmomin da mutane ke faɗa da bakinsu, yadda wanda ya rubuta "ciwon ciki" ko "batir" zai faɗa kan darasin. Ta buga shi a takarda ta kai filin su Dogo. Suka yi mata gaisuwa, suka saurara tsaf, babbansu ya ninke takardar ya sa a aljihu. Mutum biyu suka fara barin rigunansu a wurin aiki. Sauran suka koma kan tukunya.

Shugaban cibiyar ya yi mata haƙuri na wata takwas. Daga nan ya kira ta ya ce, "Malama, aikinki ba laifi, amma mun samu manhajar da ke jera dubu a yini." Aka mayar da ita teburin karɓar baƙi. Da aka sauya rumbun, bayanan da ta rubuta ba su bi sabon ba. Wajen ɗari tara ne.

Yanzu ta yi ritaya, tana zaune da Auta, wadda karatu ke yi wa nauyi har yau. Malaman unguwa kan turo mata adireshin shafi su ce ta duba musu ko ya dace da yara. Takan ɗauki kwana biyu kafin ta amsa, wasu har sun gaji sun daina turowa.