Zoɓon Ɗan Kumasi

Ana gab da fara gasar cin kofin duniya, abokin ɗakinmu a unguwar Mesaimeer, can ƙasar da za a buga gasar, wani ɗan Zangon Kumasi mai wanke kwanuka a wani otal a birnin Lusail, ya dawo da labari. Babban kukun otal ɗin ya ce ya kawo zoɓo ya ɗanɗana. In ya yi masa, za a riƙa ba baƙi, shi kuma ya bar wanke-wanke ya koma girki.

Ya haɗa iri uku, mai abarba, mai kanumfari da mai citta, ya rasa wanda zai kai. Sai ya ce ya ga yadda ake gwada masu ɗanɗana giya a otal: a zuba abu ɗaya a kofi biyu a ɓoye, a ga ko mutum zai ba su maki ɗaya. Ya jera mana kofuna shida, ya ce kowa ya ba da maki cikin goma.

Ni da nake cika baki wai da zoɓo aka yaye ni, na ba kofin farko tara, na ba na huɗu uku, har ina cewa wannan ai ruwan wanki ne. Ashe gora ɗaya suka fito! Kai, na sha tsiya, amma sauran ma duk haka suka kwafsa.

Baba kaɗai, tsohon direban bas da ke ɗanɗana mana kowace tukunya, ya ba kofi biyu goma-goma, sauran sifili. Aka duba, duka biyun mai citta ne. Muka kaure da tafi.

Baba ya ɗaga hannu. "Ku daina. Tun da korona ta kwantar da ni ban ƙara jin ɗanɗanon komai ba. Zafin cittar nan ne kawai ya isa maƙogwarona."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Na ce, "To Baba, duk ƙara gishirin da kake sa mu yi fa?"

"Fuskokinku nake kallo."

Ɗan Kumasi ya ɗora hannu a ka. Alƙali ɗaya ne bai saɓa ba, shi kuma ba ya jin ɗanɗano!

Baba ya ce, "Yalla, maza, ɗana, kai mai cittar. Tun da har ni na ji shi, kukunku zai ji."

Washegari da yamma Ɗan Kumasi ya shigo da farar hular girki a kansa. Wai kuku ya kurɓa, ya yi tari, ya share hawaye, sannan ya miƙo kofi a ƙara masa.