Iskar da Na Hana a Sace

Ni mai faci ne. Tun kafin taya marar tif ta yawaita a Makarfi nake zaune a bakin titi da injin iska da rabin duro na ruwa, kuma duk direban da ke kwaso rake ko masara daga Gazara da Nasarawan Doya ya san rumfata. Ban taɓa sayen gejin auna iska ba. Guntun ƙarfe nake ɗauka in buga taya in saurara. In ta ce kau, ta ƙoshi, in ta ce bif, da saura. Ina da baki kuma ina da zuciya, wannan ba sai wani ya faɗa mini ba, uwar 'ya'yana ma ta faɗa har ta gaji.

Ƙanena da muke ciki ɗaya direba ne. Ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu, ni na kai shi tasha ya koyi mota. Allah ya yi shi da sanyi, duk zafin gidan ni na kwashe. Har ya tara gemu ya ajiye 'ya'ya uku bai taɓa zama a bencina ina kai ba, sai dai ya tsuguna a gefe. Nakan ce masa, "Kai dai da mace aka haife ka da an huta da kai tuntuni." Sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Yaya."

Da ya gaji da jigilar rake, ya sayar da tsohuwar motarsa ya sayi a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, ya fara kai mazarƙwaila da busasshen tattasai Agadas. A can aka kwaɗaita masa shiga cikin hamada, wajen masu haƙar zinare, a kai musu abinci da mutane. Wata ranar Laraba ya zo rumfata, muka gaisa, ya tambayi gida ya tambayi aiki, sannan ya ce, "Yaya, taya nake so ka zaɓa mini. Ta hamada." Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Muka tafi Ikara wajen wani mai sayar da tayoyin hannu. Kashi uku ya fito mana da su: na kwalta masu ƙananan zane, da matsakaita masu faɗi da ake cewa suna cin kwalta suna cin daji, sai wasu masu manyan haƙora da za ka tura yatsa a tsakaninsu ya shige. Ina ganin waɗannan na ce an gama. Wani dattijo na zaune a bakin shagon yana cin goro, ashe tsohon direban hanyar Agadas ne. Ya ce, "Malam, waɗannan na laka ne. Rairayi ba ya son haƙori, tona shi suke yi. Ka ɗaukar masa matsakaitan. Kuma in ya shiga yashi ya sace musu iska har su yi tumbi."

Sace iska da gangan. A sana'armu wannan aikin maƙiyi ne, wanda ya bi motarka yana so ya ga bayanka. Na ga abin da taya mai laushi ke yi a ƙarƙashin lodi, ta yi zafi, gefenta ya tsage, ta tarwatse a kan kwalta ta kwashi rayuka. Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Baba, da girmanka. Tayar da ta fita daga taɓon Gazara a tsakiyar damina, yashi ne zai gagare ta? Yashin da ake kwasa a tifa a yi bulo?" 'Yan shagon suka yi dariya, ni kuma kaina ya ƙara girma. Dattijon ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ya ci gaba da cin goronsa.

Ni na ɗaura su da hannuna, huɗu da safaya, na yi ta ba su iska ina bugawa har kowace ta ce kau. Ranar tafiya, bayan ya sallami Inna mahaifiyarmu, na raka shi bakin mota. Na lura maganar dattijon ta ɗan zauna masa, domin ya ce, "Yaya, in na ga kowa yana ragewa fa?" Nan zuciyar banza ta taso. Na ce, "Kowa ne yayanka? In ka bari aka taɓa iskar nan ban yafe ba."

Ni wannan magana a bakina ba ta da nauyi. Nakan faɗa wa 'ya'yana in sun bar ƙofa a buɗe, nakan faɗa wa mai shayi in ya cika mini ruwa. Na manta wanda nake faɗa wa, mutumin da tun yana shekara tara bai san wani uba ba sai ni. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Ya shiga mota ya tafi.

Ya kira daga Agadas ya ce ya sauka lafiya, gobe za su shiga. Daga nan waya ta daina shiga. Mako guda ban damu ba, an ce can babu sabis. A mako na biyu Inna ta daina tambayata, sai dai in na shigo ta kalli hannun da nake riƙe waya. A na uku aka kira daga wata lamba da ban sani ba, aka yi mini gaisuwar mutuwa kafin a gaya mini ta wa ce. An riga an rufe shi a can.

Bayan sadakar bakwai wani mutumin Kudan ya yi sallama. Yana cikin fasinjojin motar, ya je neman zinare ya dawo da ransa kawai, leɓɓansa ba su gama warkewa ba. Inna ta ce a shigo da shi, tana son ji daga bakin wanda ya gani. Ya zauna a ƙofar ɗakinta, matar marigayin na daga ciki, ni ina tsaye. Bai san ni ne yayan ba, ni kuma ban faɗa ba.

Ya ce motoci huɗu suka tashi tare. Da suka zo inda ƙasa mai tauri ta ƙare, kowane direba ya fito ya tsuguna ya sace iska, ban da ƙanena. Suka yi masa magana, suka yi masa tsiya, wani har ya zage shi. Ya ce musu, "Yayana mai faci ne, ya fi ku sanin taya, kuma ya ce bai yafe ba." Ranar farko ya lallaɓa a kan sawun na gaba. Rana ta biyu guguwa ta taso da azahar, aka daina ganin juna, sauran suka haye wani tudu, tasu ta tsaya. Duk sanda ya taka totur sai tayoyin su ƙara tona, har motar ta zauna a kan cikinta.

"Muka roƙe shi," in ji mutumin. "Sai ya ce mu ba shi lokaci kaɗan. Ya hau kan tudun nan da waya a hannu yana ɗagawa sama, wai ko Allah zai sa ya samu yayan ya nemi izini. Sau uku yana hawa. A wannan ranar, Inna, da ko takalmi ba ya hana ƙafa ƙonewa."

Da la'asar ya sauko ya sace iskar da kansa. Amma kafin nan kulochi ya riga ya ƙone wajen fama. Kwana biyu suka yi a inuwar motar. A na uku ya bar musu sauran ruwan, ya ɗauki gora ɗaya ya ce shi ya jawo, shi zai nemo taimako. Su aka fara samu. Shi sai bayan kwana biyu, bai ma yi nisa sosai ba.

Ina tsaye ina saurarensa. Na so ƙasa ta tsage. Na so mutumin nan ya ɗago ya gane ni ya tofa mini yawu, ko matar ta fito ta shaƙe ni, da na ji sauƙi. Ni na kashe ɗan'uwana da bakina, wannan na sani tun a wurin, kuma har yau babu malamin da ya iya cire mini shi da zancen kwana ya ƙare.

Mutumin ya gyara zama ya ce dama saƙo ne ya kawo shi. "Da zai tafi ya ce, in Allah ya fitar da ni in nemi yayansa a Makarfi, in gaya masa ya saɓa, ya taɓa iskar, don Allah ya yafe masa."

Inna ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Alhamdu lillahi, yaron nan har ya koma ga Ubangijinsa yana jin maganar na gaba." Sannan ta juyo gare ni. "Ga shi nan tsaye. To ka yafe masa mana, me kake jira? Kada ka bar shi da nauyi a kabari."

Mutumin Kudan ya ɗago ya kalle ni, ya mayar da kai ƙasa. Kowa yana jirana. Na buɗe baki na ce na yafe masa duniya da lahira. Inna ta ce Allah ya yi mini albarka, na ce amin.