Waƙar da Sámal Ya Raba a Cikin Ruwa

Sámal ɗan kawuna ne, kuma tun muna yara ba ma raga wa juna. Makiyayin tumaki ne a ƙauyenmu, kudancin tsibiran Faro, mutum mai nauyin baki. Sai ka wuni da shi bai ce uffan ba. Amma in hunturu ya shiga, aka taru a zauren gari aka sarƙe hannuwa aka yi da'ira, shi ke jan waƙa. Taku biyu hagu, ɗaya dama, ba ganga ba sarewa, sai murya da dukan ƙafa a kan katako.

Akwai wata doguwar waƙa da ya gada wajen mahaifinsa, labarin saurayin da ya bi ƙanwarsa cikin teku da ɗan kwalekwale bayan igiyar ruwa ta ɗauke ta. Mu amshi kawai muka iya. Baitocin suna wajensa shi kaɗai.

Da kaka, yana koro tumaki daga kan dutse, santsin ciyawa ya kwashe shi, ƙashin cinya ya karye. Aka kai shi asibiti a Tórshavn, babban birninmu, aka yi masa tiyata, aka sa ƙarfe. Da ya dawo na kai masa busasshen naman rago.

"Tsoho, yau dai tumaki sun rama," na ce.

Bai yi dariya ba. "Marjun, waƙar ta tafi."

"Cinya ka karya ko kai?"

"A kwance ba ta zuwa. A tsaye Baba ya koya mini, muna taku a kicin. Ƙafa ke kawo baiti, baki ya karɓa."

Na san in ta tafi ke nan, ba wanda za a je a tambaya.

Da ciwon ya haɗe, Rannvá mai gashin ƙashi ta ce sai ya shiga tafkin ninƙaya na makaranta, mai ruwan ɗumi, inda mu tsofaffi masu ciwon gwiwa muke zuwa da safe.

"Ni da aka haifa a bakin teku, a jiƙa ni a kwano kamar wanke-wanke?"

"Kawu Sámal, shiga dai," in ji Rannvá. "Ruwa zai ɗauke maka nauyi."

Ya shiga yana gunaguni, fari fat, ruwa iya ƙirji. Tururi na tashi, dusar ƙanƙara na sauka a hankali bayan taga, muryoyinmu na zuwa kamar daga wani ɗaki. A cikin ruwan nan ba tsoho ba gurgu. Kowa na tafiya irin ta mafarki, ƙafa ta ɗaga ta daɗe kafin ta sauka.

Rannvá ta riƙe masa hannu. "Taka gefe, jijiya ta motsa. Hagu. Ƙara. To, dawo dama."

Ita motsa jiki kawai take nufi. Sai na ga leɓensa na motsi. Ya lumshe ido, ya sake takawa, murya ta fito, a dishe da farko, sannan ta cika rufin. Saurayin ya tura kwalekwalensa. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Ban san lokacin da na sarƙe hannuna da nasa ba, sauran matan suka biyo, muka yi da'ira, ruwa na juyawa tare da mu. Na yi kuka, ba wanda ya gane, don kowa fuskarsa a jiƙe take.

Sai dai da ya fita, kafin ya gama goge jiki waƙar ta sake guduwa. Haka kullum. Likita kuma ya faɗa masa gaskiya: zai yi tafiya da sanda, amma rawa a kan katako ta ƙare.

Rannvá ta ɗauki waƙar a waya. Ya ce, "'Yata, waya ta taɓa jan rawa?" Sai ya shiga rabon ta kamar naman yanka. Kowace safiya ya ba mutum ɗaya kasonsa na baitoci, a cikin ruwa, da taku, har ya zauna. Rannvá ta sami farko. Ni ya ba ni ƙarshe, wai don bakina ba ya gajiya.

Kafin hunturu ya fita aka taru a zaure. Aka ajiye masa kujera a gefe, sanda a kan cinya. Waƙar ta riƙa wucewa daga baki zuwa baki, shi kuwa ya miƙo wuya yana saurare kamar baƙo. Da da'ira ta kawo ni kusa da shi, ya kamo rigata, idonsa cike da hawaye.

"Marjun, yaron nan zai sami ƙanwar tasa kuwa?"

Na san amsar, don shi ya ba ni ita.

"Yi haƙuri, tsoho," na ce. "An kusa zuwa kaina."