Shirun Malam Bawa da Na Yanke

Ranar Talata da hantsi ina shagona a Gusau ina tace bidiyon wani biki, Hadiza ta kira ni ta ce Baba ya cika a Tsafe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinta, Malam Bawa, shi ya koya mana wasan kwaikwayo a sakandare.

Ba zan yi masa ƙarya don ƙasa ta rufe idonsa ba: ban taɓa aiki da mai taurin kai irinsa ba. Tun muna yara yake hawa dandamali da wasansa na barkwanci, "Akuyar Gado", rigimar 'yan'uwa uku a kan akuya guda. Bara na lallashe shi mu mai da wasan fim, kada ya bi shi kabari. Kyamara ɗaya ce ta aro, da katin memori guda, sai gidan kawuna a Furfuri inda muka yi ɗaukar.

Nan na ga ta kaina. Da farko ya hana mu sa mai in'ina don a yi masa dariya, wai hali ake yi wa dariya, ba halitta ba. Wannan na yarda. Amma shi da ya fito a babban wa, duk lokacin da ya saki magana mai ban dariya sai ya tsaya cak, ya ƙura wa bango ido. Batir na ƙarewa, rana na tafiya, akuyar aro na tauna igiyar makirfo, Malam na tsaye shiru. Na ce masa nan fa babu 'yan kallo, wa yake jira? Ya dube ni sheƙeƙe.

"Dariya baƙuwa ta. In ta yi sallama, ba ta wuri ta zamna."

Na yi bayani har bakina ya bushe, cewa yaran yanzu da sun ji shiru za su ture fim su wuce. Ya ce wanda bai taɓa tsayawa gaban jama'a ba shi ke tsoron shiru. Wallahi ranar da ciwon kai na koma gida.

Da na zauna tacewa sai na rama. Na bi shirun nan ɗaya bayan ɗaya na yanke, na goge asalin ɗaukar don ina bukatar memorin a wani bikin suna.

Muka haska fim ɗin a wani gidan kallo a Bungudu, Malam na kwance ba lafiya. Maganar farko ɗaki ya ɓarke da dariya. Kafin su lafa, magana uku sun wuce, har da wadda rigimar ta rataya a kanta. Sai ihun a mayar baya. Mai gidan kallon, dattijon da ya san wasan tun a dandamali, ya ɗauki rimot yana tsayar da hoton bayan kowane barkwanci. Ina daga baya, kunya kamar in nutse.

Na yi niyyar zuwa in ce ya yi gaskiya, mu sake ɗauka. Kullum sai in ce bari ya ji sauƙi tukuna. Haushin kaina nake ji, ina kuma jin haushinsa da bai jira ni ba.

A wurin gaisuwa Hadiza ta gaya mini ashe ya kalla a wayarta, tun daga farko har ƙarshe, ko murmushi bai yi ba. Na tambaye ta me ya ce. Ta sunkuyar da kai.

"Ya ce akuyar ta yi ƙoƙari."

Ya Allah Ka jiƙan Malam Bawa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba matarsa Inna da Hadiza da ƙannenta haƙurin wannan rashi. Ni kuma Ka yafe mini, don wanda ya kamata in roƙa ya tafi.