Keken Jethro a Ƙofar Filin Lilo

Jethro ɗan Kagoro ne. Ya yi aiki a wata masana'anta a Kudenda har ranar da tirela ta bi ta kan ƙafafunsa a bakin ƙofa, aka yanke duka biyun daga gwiwa. Daga nan ya koma gyaran rediyo a Mahuta, yana zirga-zirga a keken guragu mai taya uku da ake tuƙawa da hannu. Tuƙin ya mayar da damatsansa kamar na ɗan dambe. Ba shi da surutu, amma ba ya ɗaukar raini.

A Kirsimetin 1986 wasu masu lilo suka kafa kayansu a wani fili kusa da Unguwar Mu'azu, suka kewaye shi da kwanon rufi. Matarsa Juliana ta ce rabonta da lilo tun tana budurwa, don haka bayan an tashi coci ya kai ta.

A ƙofa wani ƙato mai gadi, Shekari, ya tare su da kulki. Ya ce madam ta wuce, amma keke ba ya shiga. In Jethro ya matsu, ya sauka ya ja gindi. Jethro ya nuna tikitinsu, ya ce keken nan shi ne ƙafafunsa.

"Masu bara a waje suke tsayawa," in ji Shekari, ya hankaɗe keken da ƙafa.

Keken ya kife, kan Jethro ya bugi dutse, jini ya rufe masa ido. Juliana ta yi kan Shekari, ya kwaɗa mata mari ta faɗi. Jethro ya ja jiki ya damƙi ƙafar ƙaton, ya fizgo shi ƙasa, ya haye ƙirjinsa, ya murɗe hannun da ya yi marin har masu bin layin shiga suka ji ƙarar ƙashi. Sauran masu gadi suka rufe shi da sanduna, suka karya masa haƙarƙari, ɗaya ya ɗauki bulo ya rotse keken. Ba su bari ba sai da jama'a suka fara jifansu suna ɓalle shingen.

Jethro ya yi jinya a asibiti, ɗaki ɗaya da Shekari. Kafin a sallame shi masu lilon sun bar gari. Wani mai walda, Ɗahiru, ya haɗa masa keken, amma haƙarƙarin bai warke daidai ba. In ya zo hawan tudu sai numfashi ya sarƙe masa, Juliana ta tura shi ta baya, yana mitar ta bari.