Inda Aka Rufe Mainasara

Duk ɗalibin ƙasar Hausa da ya taɓa zama a unguwar Ainu Shams ta birnin Alƙahira ya san gidan Hajiya Fatu, ko bai san ƙofar ba ya san ƙamshin daddawar da ke tarar mutum tun daga matattakala. Tsohuwa ce doguwa, baƙa, mai magana a hankali. A Alƙahira aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausar bakinta irin ta kakanni ce, wadda yaran yanzu kan yi murmushi in sun ji. A bakin mutum guda ta koye ta, wato mahaifinta, Mainasara.

Shi Mainasara mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Haɗeja. Lokacin babban yaƙin Turawa aka ce kowane gari ya kawo samari. Dagaci ya duba, ya ga maraya wanda ba mai yi masa kuka, ya nuna shi. Jirgin ruwa ya sauke shi a wani bariki kusa da mashigin Suwes, ya yi ta dako da wankin motocin soja har yaƙi ya ƙare. Da aka fara kwashe 'yan uwansa zuwa gida, sai ya tuɓe kaki ya shige gari. Ya ce ƙasar da Bature ke zaune a kanta ba zai koma ya durƙusa masa ba, ranar da Bature ya tashi ranar zai kama hanya.

Bai zauna haka nan ba. Sa'ad da samarin Masar suka tasar wa barikokin Ingilishi, shi da ya san barikin kamar tafin hannunsa ya zama idonsu. A nan harsashi ya same shi a cinya. Aka gudo da shi Alƙahira, wani mai gidan burodi ya ɓoye shi a bayan tanda har ya warke, sai dai ɗingishin bai rabu da shi ba. 'Yar mai burodin ya aura. Ya koya wa 'ya'yansa biyu, Harun da Fatu, su riƙa ce mata Inna, ita kuma ta amsa sunan har ta mutu.

Ranar da Najeriya ta sami 'yanci Fatu tana yarinya, amma ba ta manta ba. Baba ya sayo yadi kore da fari, Inna ta ɗinka, ya ɗaura a sandar tsintsiya, ya ɗingisa da ita unguwa unguwa yana hawaye, yara na binsa suna tafi ba su san ko na mene ne ba. Bature dai ya tashi. Amma ga mata, ga yara, ga ƙafa, ga aikin gadin da ba a barinsa ko na mako guda. Daga baya wani ɗalibi ya gaya masa ruwa ya cinye ƙauyensu, mutane sun watse, ba wanda ya san wani Mainasara. Duk da haka kullum sai ya ce baɗi. Misirawa na ce masa Basudane, ɗalibai na ce masa Baba Bamisire, shi kuwa ya kusa mutuwa saboda ƙasa ɗaya, yana kwana da begen ɗayar.

Da ciwon ajali ya kama shi, surukansa suka ce akwai wuri a kushewar gidansu. Mutanen Alƙahira ɗaki suke ginawa a ƙarƙashin ƙasa, dangi guda su kwanta tare, a rubuta sunan gida a kan dutse. Mainasara ya girgiza kai.

"Tunda ban je gida ba, a kawo min gida nan," in ji shi. "A haƙa min a ƙasa tsura, a yi ƙaramin kabari a ciki, a jera tukwane a rufe, a mai da ƙasa. Kada a gina, kada a rubuta suna. Kuma mace kada ta bi ni, ko ranar ko bayanta. Haka ake yi a garinmu."

Inna ta fashe da kuka. "Haba mai gida, a garin nan ai mata ne masu ziyara. Wa zai kai maka gurasar sadaka ranar Alhamis? Wa zai yayyafa maka ruwa?"

"Addu'a ba ta ɓatan hanya, Inna," ya ce. Ya juyo ga 'yarsa. "Fatu, kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Ɗalibai ne suka ɗauke shi tare da Harun, suka rufe shi a wata kusurwa da ake ajiye baƙi, a gefen wata tsohuwar maƙabarta. Fatu ta tsaya a bakin ƙofa har makara ta sha kwana. Fiye da shekara arba'in tana ganin maƙwabtanta suna fita ziyara ranar Sallah da kwandunan gurasa, ita ko sau ɗaya ba ta bi ba. Tana ganin wannan ne abu guda na garinsu da ta iya riƙe masa.

Wata ranar Laraba ɗanta Isam, direban ƙaramar motar haya, ya shigo da rana tsaka bai ko zauna ba.

"Ummi, sun shafa jan fenti a bangon maƙabarta. Gada za ta bi ta wurin. An ce kowa ya kwashe nasa."

Dangin Inna ba su sha wuya ba. Suna da dutse, suna da suna, cikin yini guda aka kwashe su har da ita zuwa sabon wuri a bayan gari. Saura Baba. Sai a lokacin Fatu ta gane ba ta san inda ubanta yake ba.

Ta fara da yayanta. Harun ya daɗe a kwance, shanyewar ɓarin jiki ta tafi da rabin bakinsa da mafi yawan tunaninsa. Ta zauna a bakin gadonsa ta riƙe hannunsa.

"Yaya, Fatu ce. A ina kuka rufe Baba?"

Ya daɗe yana kallonta. "Baba ya tafi masallaci," ya ce. "Ki ajiye masa tuwonsa, kada Fatu ta cinye."

Ta yi dariya, dariyar ta koma wani abu dabam, ta tashi ta fita.

Ɗalibai suka yi ta cigiya har aka samo mata lambar Malam Sada a Katsina, ɗaya daga cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Muryarsa ta tsufa amma bakinsa bai tsufa ba.

"Hajiya Fatu! Har yanzu kina ƙona tuwo kina cewa laifin garin masarar Masar ne?"

"Malam, kai da ka sha cinye ƙanzon har da kankarar tukunya? Ba wannan ya sa na neme ka ba."

Da ta gaya masa sai ya yi salati. Ya ce ya tuna sarai. Ba su sami tukwane irin na gida ba, sai suka sayi tulunan ruwa na Misirawa suka raba su biyu. Akwai magarya a wajen kansa, akwai famfo ta gabas. "In kin ga magaryar kin ga Baba. Allah ya sa a dace, Hajiya. Amma ke za ki shiga da kanki?"

Tambayar da ta hana ta cin abinci ke nan. Isam ya je sau biyu shi kaɗai ya dawo ba magarya ba famfo. A na uku ta ɗauki mayafinta.

"Yalla, mu tafi," ta ce masa.

"Ummi, ba ya ce kada mace ta je ba?"

"Ya ce. In na same shi sai ya yi min faɗa."

Ba ta taɓa zaton maƙabarta gari ba ce, da tituna da ƙofofi da yara masu wasan ƙwallo. Rabin garin ya riga ya zama kufai. Iyalai na tsaye a bakin kushewoyinsu ana fito musu da nasu cikin sabon likkafani, kowa na kuka, amma kowa ya san wanda yake yi wa kuka. Aka nuna musu Ammu Hamad, wato Baffa Hamad, tsohon mai kula da wurin, yana zaune a kan wani dutse yana shan shayi.

Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba. Ya ce magaryar ya san ta, tun yana saurayi aka sare ta. Famfon ma ya daɗe da mutuwa.

"To kusurwar baƙin fa?" in ji Fatu.

Ya ajiye kofin. Ya tashi ya yi gaba, suka bi shi har inda gine-gine suka ƙare. Daga nan sai fili fetal, an daddaɓe shi, ga sawun manyan motoci, ga ƙarafunan gada sun fara miƙewa.

"Ma'alish, ki yi haƙuri, ya Hajja," ya ce. "Da nan aka fara. An jira, wallahi an jira. Ba suna, ba gini, ba wanda ya taɓa zuwa ziyara. Kowa ya ɗauka ba su da kowa."

"Yana da ni," in ji Fatu.

Ta tambayi Hamad ina aka kai ƙasar. Ya ce abin da aka gani an tattara an rufe a rami guda a wani wuri, sauran ƙasar kuma da ita aka yi cikon hanya. Ya nuna da haɓarsa, daga nan har inda ido ya gaza.

Ta shiga filin tana tafiya a hankali, idonta a ƙasa. Can ta tsuguna ta ɗauko wani abu: katangar tulu, ja, mai faɗin tafin hannu.

"Isam! Zo ka gani. Tulun da Malam ya ce!"

Isam ya dubi Hamad yana roƙonsa da ido ya yi shiru. Amma ita ma ta juyo tana jiran ya tabbatar mata, kuma tsohon bai iya yi wa mai neman mamaci ƙarya ba. Ya ture ƙasa da ƙafarsa, wasu katangun suka fito, ya ƙara turewa can gefe, wasu suka sake fitowa.

"Ya Hajja, duk ƙasar nan haka take. Garin nan a kan fasassun tukwane aka gina shi."

Ta daɗe tana juya katangar. Isam ya ce ta tafi da ita mana, wa ya sani. Ta ce a'a, in ba tasa ba ce ta wani ce. Ta mai da ita inda ta ɗauka, ta rufa mata ƙasa da hannu.

Harun ya rasu kafin a buɗe gadar. Malam Sada ya bi shi ba da daɗewa ba. Shahd, jikar Fatu, in Fatu ta fara ba ta labarin tutar da aka ɗaura a sandar tsintsiya, takan kira ta yadda Misirawa ke kiran kaka, ta ce, "Teta, faɗa da Larabci mana." Tutar tana nan a ƙasan akwati, koren ya koɗe.

Yanzu ranar Alhamis Fatu kan shirya da hantsi ta shiga gaban motar Isam, ko da ba inda za ta. Motar na hawa gadar yakan kashe rediyo, fasinja su yi ta gunaguni, bai kula su. Ita kuma takan fara sallama ga mutanen kabari tun daga hawa, ta yi ta maimaitawa, tana duban dama tana duban hagu, ba ta yin shiru sai mota ta sauka ta ɗaya gefen, don ba ta san a daidai ina taya take taka shi ba.